Zauren Gwaggo: Asabar na zuwa tana wucewa, sito yana nan yadda yake

Wasiƙu biyu na ɗauko a wannan fitowa, ɗaya ta mace ɗaya ta namiji. Ba su san juna ba, amma ciwonsu ɗaya. Na rage tsawonsu, na kuma cire sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya

Assalamu alaikum Gwaggo, ina yini, ya iyali? Ni malama ce a wata makarantar kuɗi a wajen Hotoro, gidanmu kuma yana Rijiyar Zaki. Ƙarfe shida da rabi nake fita, adaidaita biyu nake hawa, ba na shigowa gida sai bayan la'asar. Yarana huɗu: babban namiji ne mai shekara 13, sai mace mai 11, sai mai 6, sai na goye. Maigida yana kasuwa a Kantin Kwari, yana fita wajen ƙarfe tara ya dawo bayan magariba. Girki da shara da wanke-wanke ina yi daidai gwargwado. Abin da ya dame ni ayyukan da suka taru ne. Sito tun babbar sallar bara nake cewa zan fitar da kayansa. Famfon kicin wata biyar yana ɗiga. Labulen da na ɗinka suna cikin leda ba a kafa ƙarfensu ba. Silin ɗakin yara ya yi taswira. Duk Asabar sai in ce yau ce, sai wanki ya kai ni azahar, daga nan kuma biki ko suna. Rannan uwar mijina ta leƙa siton, ba ta ce komai ba sai "uhm", kuma wannan uhm ɗin har yau yana cina. In ɗauko yarinya daga ƙauye ne, ko in bar aikin?

'Yarki daga Rijiyar Zaki

Amsa

Wa alaikumus salam 'yata. Kada ki bar aikinki saboda sito. Na fara da wannan ne don ko kin gaji da karatu a nan, ki tafi da shi.

Shekara 35 na yi ina aikin gwamnati, daga Gwale nake fita kullum, yara shida na raina a ciki. Don haka da kika ce Rijiyar Zaki zuwa Hotoro, sai da na ajiye tabarau na yi lissafi. Ki sauko Kabuga, ki bi ta Ɗan Agundi, ki kai Dangi, sannan ki miƙe titin Maiduguri, wato kin tsaga Kano gida biyu, kuma da yamma ki sake tsaga ta. Daga shida da rabi zuwa bayan la'asar awa goma ke nan ba kya gida. Macen da ta yi wannan ta dawo ta ɗora tukunya ba raguwa ba ce, ko wa ya ce uhm.

Aikin gida iri biyu ne, kuma sai da na kusa furfura na gane. Akwai wanda ba ya mutuwa: girki, wanke-wanke, shara, wanki. Ki kashe shi da dare, da asuba ya tashi. Akwai kuma wanda in an kashe shi ya mutu ke nan, irin famfonki da labulenki. Na farkon yana da baki. Yaro zai yi kukan yunwa, kwanuka za su tara ƙuda, yunifom zai ƙare. Na biyun bebe ne, ba ya kuka sai ranar da zai yi ɓarna. Shi ya sa duk lokacin da kika ware, mai bakin ne yake cinyewa. Kina fara Asabar da wanki, wankin nan kuwa na mutum shida ne na mako guda. Ai ba wankin hula kaɗai ke kai mutum dare ba.

To bari in gaya miki abin da na gani a wasiƙarki wanda ke ba ki gani ba. Ayyuka huɗu kika lissafa, uku ba naki ba ne. Famfo aikin fulamba ne. Ƙarfen labule da silin aikin kafinta ne. Ba lokacinki suke jira ba, mutumin da zai kira mai gyara ya tsaya a kansa suke jira. Ke kina fita shida da rabi, maigida yana fita tara. Awa biyu da rabi kullum akwai namiji a gidan nan, daidai lokacin da masu gyara ba su watse zuwa manyan ayyuka ba. Kuma dama a al'adarmu shi ya fi dacewa ya shigo da baƙon namiji har kicin, ba ke ba. Famfon da ke ɗiga galibi roba ce ta cinye ko kan famfon ya mutu, aikin da bai kai rabin awa ba. Wata biyar kina sayen ruwa a wajen 'yan garuwa kina ba wa lambatu sadaka.

Sai dai yadda za ki faɗa masa shi ne rabin aikin. Kada ki tare shi da dare ya dawo daga Kwari kansa na hayaƙi, ki ce "gidan nan komai ya lalace". Wannan ba aiki kika ba shi ba, ƙara kika kai, kuma amsarta "to, za a duba". Marigayi maigidana ya yi mini "za a duba" har na haddace muryar da yake faɗinta. Ki ɗauki abu ɗaya tak, bayan ya karya kumallo ko ranar da kika ga fuskarsa a sake, ki ce, "Baban yara, famfon nan, in Allah ya kai mu Talata fulamba ya zo bakwai da rabi ka tsaya masa kafin ka fita?" Aiki ɗaya, rana ɗaya, mutum ɗaya. In an gama wannan ki yi godiya sosai, har ki ƙara da ɗan dambun nama in da hali, sannan bayan mako ki fito da labule. Idan ya nuna aikin gida ba na maza ba ne, ba sai kin yi masa wa'azi ba, ya san hadisin ya fi ki. An tambayi Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, me Annabi (SAW) yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita. Tunatarwa ɗaya cikin raha ta isa.

Saura sito, shi ne naki, kuma ko shi ba ke kaɗai ba. Gwamnati ta riga ta yanka miki lokacinsa. Asabar ɗin ƙarshen kowane wata ana tsaftar muhalli a Kano, daga bakwai zuwa goma na safe, ba a zirga-zirga, sai fa in an ɗage saboda jarrabawa ko zaɓe. Awa uku maigida ba shi da hanyar kasuwa, baƙuwa ba za ta yi miki sallama ba, ba mai kiranki rakiyar kai lefe. Sau 12 a shekara, awa 36 ke nan, kusan makon aiki guda. Yawancinmu barci muke ƙarawa a ciki. Ni a nan na riƙa yin duk wani aiki bebe. Ranar ba a wanki, karin kumallo kuma koko da ƙosai ne na saye ko ɗumame.

Ki shimfiɗa tabarma biyu a tsakar gida tun bakwai. Maigida da babban ɗanki su riƙa fito da kaya, ke ki zauna a kujera 'yar tsugune kina yanke hukunci. Abin da aka yi amfani da shi daga azumin bara zuwa yau ya koma ciki. Mai kyau da ba a taɓa ba, kayan yaran da suka yi kaɗan, kulolin gudunmawa da suka yi yawa, a ɗaure a kai wa mabuƙata a ranar, kada ya kwana, don in ya kwana zai koma. Mataccen risho da tsohuwar fanka da tukunyar da ta huje a ajiye wa 'yan gwangwan, su auna su ba yara kuɗin. Abu ɗaya na hana ki: kada ki buɗe akwatin hotuna da tsofaffin takardu. Na taɓa buɗe nawa ƙarfe takwas, aka kira azahar ina zaune ina kallon hoton ɗaurin aurena, kaya baje a tsakar gida, kaji suna hawa. In goma ta yi ba a gama ba, a mayar da saura gefe ɗaya a rufe, wata mai zuwa yana nan.

Wankin da na ce a ɗauke daga Asabar, ina za a kai shi? A farfasa shi. Yunifom da ƙananan kaya a jiƙa su da daren Talata da daren Alhamis, a ɗauraye bayan asuba ko da yamma. A Kano in ba damina ba, kayan da aka shanya da safe kafin azahar sun bushe ƙayau. Manyan kaya, shaddodin maigida da zannuwan gado, a ba mai wanki da guga, kuma kuɗin ya fito daga aljihun mai shaddar. Yaro mai shekara 13 kuwa ya isa ya wanke nasa da na ƙaninsa. A nan zan ɗan yi faɗa, ba da ke kaɗai ba. Na san gidaje da yawa da 'yar shekara 11 take shara da wanke-wanke da raino, yayanta yana ƙofar gida yana buga ƙwallo, an ce shi namiji ne. Nawa maza huɗu ne, babu wanda ya kai aji ɗaya na sakandare bai iya dafa shinkafa da wanke banɗaki ba. Surukaina mata har yau suna sa mini albarka. Ki ba shi aikin da ya zama nasa na dindindin: cika randa da bokitai, fitar da shara, wanke tsakar gida, guga. Aikin da sai an ce "zo ka yi" kullum, ke ce dai kike yinsa da baki.

Sannan ki daina yi wa aikin gida lissafi da agogo. Na ga masu rubuta jadawali su manna a bango, ƙarfe kaza guga, ƙarfe kaza markaɗe. A garin nan wuta ce take sa lokacin guga. Yarana har suka girma "Nepa!" suke ihu in an kawo, jikokina ma haka, duk da an canza sunan tun 2005. Yanzu layukan wuta an kasa su rukuni biyar, daga A mai alkawarin awa 20 a rana zuwa E mai awa 4. Ko a wanne kike, kin fi kowa sanin lokacin da ta fi zuwa unguwarku. Abin yi shi ne aikin wuta ya zauna a shirye yana jiranta: kayan guga a ninke a kwando ɗaya kusa da dutsen guga, kayan miya a gyare a wanke, kowa ya san aikinsa in fitila ta kama. Wannan ya kunna injin tura ruwa tanki, wannan ya jona blanda, wannan ya sa fitilu caji. In sai an kawo wuta za a fara neman ina aka ajiye wayar dutsen guga, kafin a samo an ɗauke. Sauran ayyuka kuma ki rataya su a jikin salloli, don su ne ba sa motsi: abu kaza bayan asuba, abu kaza tsakanin magariba da lisha. Minti ashirin bayan asuba, kafin yara su farka, sun fi awa guda ta bayan lisha albarka.

Girki ma ana rage masa tsawo. A ƙarshen hunturu tumatirin rani na Kadawa da Kura da Garun Malam yakan cika gari, kuma kin san in damina ta kusa zai yi tsadar da sai a riƙa ƙirga shi ɗaiɗai. Ku haɗa kuɗi da maƙwabciya ku sayo kwando a Yankaba, da tattasai da attaruhu, a kai inji a markaɗe, a tafasa har ruwan ya tsotse. In kina da firiza mai riƙe sanyi ki ƙulla a leda daidai miya ɗaya ɗaya. In babu, a yanka a shanya a yi kauɗa, iyayenmu da ita suka yi miya shekara da shekaru. Yini ɗaya na wahala ne, amma zai cire miki jajjage da markaɗen kullum na tsawon watanni.

Yanzu maganar da ba a so. Ba wanki ne kaɗai ke cinye Asabar ɗinki ba, mu ne, 'yan'uwa da abokan arziki. Biki ɗaya a Kano yanzu kamu ne, da yini, da walima, da dina, da kai amarya, ga ankon da sai an je Kwari an je wajen tela sau uku. Zumunci a ƙafa yake, ban musa ba, kuma ban ce ki zama wadda ba a gani a sha'anin mutane ba. Amma ki bambanta. Ta'aziyya da dubiya ba a ɗaga su. Bikin 'yar'uwa ta jini a je a yi hidima. Bikin ƙanwar ƙawar abokiyar aiki kuwa, ki zaɓi taro ɗaya, ki je bayan la'asar, ki ba da gudunmawarki, ki yi Allah ya sanya alheri, ki dawo kafin magariba. Barka ana iya zuwa ranar Laraba a kan hanyar dawowa daga makaranta, mai jego ma ta fi ganinki a ranar fiye da ranar suna da mutum ɗari suke kanta. Za a yi magana, wata biyu za a yi ana yi, daga nan a saba.

Yarinya daga ƙauye kuwa, ban ba ki shawara ba. Wadda za a kawo miki ba za ta wuce sa'ar 'yarki ba, kuma dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara, firamare da ƙaramar sakandare. Ke malama ce, ki fita koyar da 'ya'yan wasu ki bar 'yar wani tana wanke-wanke, zuciyarki ma ba za ta kwanta ba. Kuma ɗawainiya za ki ƙara, don amana ce sai kin yi tarbiyyarta. Ki nemi babbar mace a unguwa, mai zuwa ta tafi, kwana biyu ko uku a mako, ku yi tsada a fili, ki biya ta a kan lokaci.

Uwar mijinki kuma, ranar da za ki fitar da siton ki ware mata kula ɗaya mai kyau da turmin atamfar da kika tarar a ciki, ki aika jikanta ya kai mata. Za ta gane saƙon.

Tambaya

Gwaggo, ina gaisuwa. Ni ma'aikaci ne, ina zaune a Na'ibawa. Shekara biyu ke nan na tayar da ɗakin samari a ƙofar gida, ya tsaya a linta. Ga kwanon ɗakin uwargida yana yoyo tun daminar bara. Litinin zuwa Juma'a ina ofis, Asabar in na kira magini sai ya ce yana wani aiki, alhali na riga na ba shi kuɗi. Siminti buhu shida da na ajiye sun daskare. Yaya zan yi?

Ɗanki daga Na'ibawa

Amsa

Ɗana, ka bar ɗakin samari tukuna, ba ya gudu. Ka hau kan kwano.

Ni na san abin da yoyo yake yi. Shekarar da na haifi autata muna da wani ɗan ɗigo a kusurwar ɗaki, muka sa masa roba, damina ta wuce muka manta. Wata daminar muka sa masa bokiti. Cikin watan Agusta, da tsakar dare ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, silin ya jiƙe ya rufto a kan katifa, Allah ya sa na ɗauke jaririyar ina ba ta nono a bakin gado. Abin da ƙusa goma da falle ɗaya na kwano za su gyara sai da ya ci silin, da katako, da katifa, da fenti. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ruwan Kano yana kankama ne daga Yuni, ya fi ƙarfi a Agusta, kuma kafin ya zauna akwai iskar farkon damina mai yaye rufi. Kana da Maris da Afrilu. Ka sa kafinta ya hau da sassafe kafin kwano ya yi zafi, ya duba ƙusoshin da suka ɗago da wuraren da kwano ya haɗu, ya share ganye da ledar da suka toshe indararo. Ka sa a kwashe kwatar ƙofar gida a lokaci ɗaya.

Maganar magini kuwa, kai ka ba shi dalilin ƙin zuwa. Wanda ya karɓi kuɗinsa duka, aikin da ba a biya ba zai tafi nema. Ku yi jinga a kan gaɓa ɗaya: daga linta zuwa rufi nawa, filasta nawa, daɓe nawa. Ka ba da ɗan kafin alƙalami, cikon sai an gama gaɓar ka gani da idonka, kuma a yi maganar a gaban mutum biyu. Kayan aiki ka sayo da kanka. Katako ga 'Yan Katako nan a unguwarku, rodi da kwano da ƙusa ka leƙa Ƙofar Ruwa ka ji farashi a shago uku kafin ka ciro kuɗi. Siminti kuma ba hatsi ba ne da ake ɓoyewa, danshi yake ja ko a cikin buhu, musamman in an jibge shi a ƙasa ya ga damina. In kana so ka adana kuɗin gini a cikin kaya, ka sayi bulo ko rodi ko kwano, siminti sai makon da za a yi aiki.

Asabar ɗai-ɗai ba ta gina ɗaki, don magini nagari ba ya barin aikin mako guda saboda na yini ɗaya. Ka ɗauki kwana biyar daga hutunka na shekara, ka haɗa da Asabar da Lahadi, ka sa masa rana tun wata guda kafin nan, yashi da ruwa da bulo suna ƙasa kafin ya iso. Ka zauna a wurin da kujerarka da butarka. Bayan filasta a riƙa ba ginin ruwa safe da yamma har mako guda, wannan kam samarin da za su kwana a ciki su za su yi.

'Yata ta Rijiyar Zaki, wannan taswirar ta silin ɗakin yara ita ma daga kwano take. A fara gyara saman. Silin ɗin a bar shi da tabonsa har a yi ruwa biyu masu ƙarfi, in bai ƙara jiƙewa ba sannan a canza shi.